Clarrie Dunstan Bai Ce Wa Yayansa Ya Zauna Ba

Gidana yana tsakanin na Clarrie Dunstan da na yayansa Wal, a bakin garinmu Quilpie. Shekara goma sha tara ba su yi magana ba, tun ranar da Wal ya harbe karen Clarrie don ya kashe masa raguna. Ni ne wayarsu. Clarrie ya leƙo ta katanga ya ce in faɗa wa tsohon jakin can famfonsa na yoyo, ni kuma in ƙara gishiri in kai.

Clarrie gyaran shingen waya yake yi, wanda ke tare karnukan daji. Bai taɓa aure ba. Nakan ce masa ko shingen ma haƙuri yake da fuskarsa.

Da uwarsu ta rasu aka ƙone gawar, sai aka tarar ta bar wasiyya su biyu su kai tokarta tsohuwar rijiyar da aka haife ta kusa da ita, tafiyar yini guda cikin jeji. Suka shiga a-kori-kurar Wal, tokar a tsakiya.

A nan duk mai shiga jeji sai ya faɗa wa wani hanyar da zai bi da ranar dawowa. Clarrie ya ɗauka Wal ya faɗa mini, Wal ya ɗauka Clarrie ya faɗa. Ni kuwa ina tsaye ina yi musu kirarin amarya da ango, ban tambaya ba.

Motar ta lalace a wani busasshen rafi. Jarkar ruwa ɗaya ce. Kwana biyu suna zaune, kowa da gefen inuwarsa, suna miƙa wa juna kofi ba tare da sun haɗa ido ba. Da safiyar kwana na uku Wal ya sha rabin kofi, ya ajiye jarkar kusa da ƙafar ƙanensa, ya kama hanya zai nemo taimako. Kowa ya san ba a barin mota in ta lalace a jeji. Clarrie ya fi kowa sani. Ya ce ya buɗe baki, abin ya ƙi fita.

Rana ta shida wani mai kora shanu da ƙaramin jirgin sama ya hango motar. Clarrie na ƙarƙashinta, harshe ya kumbura, yana rungume da gwangwanin toka. Wal kuma an tsinci gawarsa washegari, gindin wata bishiya, ba nisa can ba.

Bara aka nuna wani fim a zauren gari ranar Asabar da yamma, na wasu 'yan'uwa da suka ɓata a jeji. Na ja Clarrie muka je. Suka yi ta zagin juna, suka yi dambe, ƙarshe suka rungume juna. Da muka fito na ce masa ai na fim ɗin ya fi shi kyau.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Awa biyu suna surutu, Barry. Ni kalma ɗaya ce kawai. Zauna."

Yanzu ko kanti zai je sai ya leƙo ta katanga.

"Zan je sayen burodi, ta layin coci. Ƙarfe goma zan dawo."

Ina cewa, "To, ango." Amma ina duba agogo.