Balbelar da ke Wutsiyar Jirgi

Kowace safiya Mai Hoto yakan goge gilashin tsohuwar kyamararsa, ya saɓa ɗan tsaninsa, ya nufi shingen filin jirgin sama. Matsayarsa ɗaya ce, gabas da titin jirage, inda rana ke fitowa ta bayansa ta haska masa jikin jirgi. A nan ya tsufa yana ɗaukar hotunan da ba wanda ya sa shi.

Ran nan matarsa ta tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, jiragen nan dai ko gaisuwarka ba su taɓa amsawa ba."

"Yau na Yaya za a fitar," in ji shi. Sai ta ba shi hanya.

Yayan nasa, marigayi, mai fenti ne a wani ƙaramin kamfanin jirage, kuma shi ya zana farar balbela a wutsiyoyinsu. Da babban kamfani ya haɗiye ƙaramin, sai aka shiga shafe jiragen ɗaya bayan ɗaya. Saura tsoho guda mai ɗauke da zanen hannun Yaya. Mai Hoto bai taɓa ɗaukarsa ba, domin a ganinsa na gida ne, ba inda za shi.

Da hantsi aka jawo jirgin daga rumfarsa. Gefen da ke fuskantar shinge duk an riga an mulke shi da fenti ruwan toka.

Mai gadin filin ya matso daga cikin shingen. "Baba, ta nan suka fara. Tsuntsuwarka tana ɗaya gefen, sai gobe za a shafe ta."

"Ɗana, bar ni in zagaya. Ko ka karɓi kyamarar ka danna mini."

"Ni da ko wayata ba na shiga da ita? So kake aikina ya riga jirgin tashi?"

Mai Hoto ya bi shingen har yamma da filin, ya tarar da katangar da ta fi tsaninsa. Ya dawo matsayarsa, ya jira ko za a juya jirgin. Ba a juya ba. Da ya ga za a mayar da jirgin rumfarsa, ya ɗauki hoton abin da ke gabansa.

Da la'asar ya wanke hoton a ɗan ɗakinsa mai duhu. Matarsa ta leƙo ta dube shi.

"To, ina balbelar?"

"Tana ta baya," in ji shi, ya maƙala hoton a igiya don ya bushe.