Numfashin da Ya Rage wa Mai Usur

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da motsa jiki a firamare, shi ya sa har bayan ritaya ba a kiransa da komai sai Mai Usur. A zamaninsa sai ya zagaya fili sau goma tare da yara, yana gudu yana yi musu tsiya. Dokarsa ɗaya ce: in ka ji usur, ka ƙame inda kake. Ita ya koya wa 'ya'yansa, ita kuma ya koya wa jikarsa mai shekara biyar, wadda ake ce wa Walƙiya don ba ta san tafiya ba sai gudu.

Da ya haura saba'in, aikin da ya rage masa shi ne ɗauko ta daga makaranta. A hanyar akwai ɗan hawa, a nan ya fara lura. Ƙafa tana so, ƙirji yana ƙi. Iskar da yake ja kamar a maƙoshi take tsayawa. Sai ya ƙirƙiro dabara: ya tsuguna wai yana gyara takalmi har numfashin ya dawo.

"Tsoho, takalminka fa ba shi da igiya," in ji Walƙiya.

"Wa ya tambaye ki, sarkin surutu?"

Ya yi dariya, amma ta ciki na ciki. In uwar yarinyar, 'yarsa ta fari, ta gane, za ta karɓe aikin, shi ke nan sai kujera da rediyo.

Wata Talata, suna gama hawan nan, Walƙiya ta hango uwarta tana sauka daga bas a tsallaken titi.

"Umma!"

Ta fizge hannunta ta kwasa. Ga babbar mota ta taho.

Ya bi ta. Taku goma, ƙirjinsa ya kulle. Ya buɗe baki zai kira ta, ba abin da ya fito. Ƙasa ta fara juya masa. Nan ya gane numfashin da ya rage masa na abu ɗaya ne, ko gudu ko busa. Ya tsaya cak, ya laluɓo usur ɗin da bai taɓa cirewa daga wuyansa ba, ya tattara ɗan abin da ke ƙirjinsa, ya busa.

Walƙiya ta ƙame, ƙafa ɗaya a bakin kwalta. Motar ta wuce, iskarta na kaɗa rigar yarinyar.

Uwar ta tsallako da gudu, ta tarar da shi a durƙushe ya rungume turken fitila.

"Baba, tun yaushe?"

Sai da ya ja numfashi sau uku. "Tun bara."

Da bakinsa ya miƙa mata aikin. Yanzu ita ke riƙe hannun Walƙiya, shi yana biye da su a hankali, yana tsayawa inda ya ga dama ba tare da ya taɓa takalmi ba. Amma har yau, in ya ji rugugin babbar mota, hannunsa kan kai wuyansa.