Kwallin da Ya Shiga Hoton 'Yata

Tun da aka yi wa 'yata aiki a ka, hannuna bai sake zama wuri ɗaya ba. Ina cikin wanke-wanke sai in tsame shi, in goge a zane, in je in taɓa maɗigarta. Ruwa ne ya taru mata a ƙwaƙwalwa tun tana jaririya, kan ya yi ta girma ya bar jikin a baya. Likitoci suka sa mata wani siririn bututu a ƙarƙashin fata, daga kai ya bi ta bayan kunne ya sauka ciki, don ruwan ya riƙa tsiyaya. Suka ce bayan 'yan watanni mu koma a ɗauki hoton ƙwaƙwalwar. In ruwan ya ragu, shi ke nan. In bai ragu ba, za a sake buɗe kan.

Da wannan maganar na zauna a ɗakinmu na unguwar Malaz a Riyad, ni da ƙugin na'urar sanyaya ɗaki. Na auna kan da zare, na auna da tafin hannu, yau in ga ya ragu, gobe in rantse ya ƙaru. Maigidana, direba ne a wani kamfanin kayan gini, ya ce in ƙyale yarinya ta huta, ni ba likita ba ce. Na ce shi ma ai ba likita ba ne da zai hana ni.

Da ranar ta zo kafilinsa, wato ubangidansa na wurin aiki, bai sake shi ba, sai Inna ta ce ita za ta raka ni. Tsohuwa ce 'yar Damagaram, ƙofarta na kallon tamu, ta daɗe a Riyad tana girki a gidajen Larabawa. Ba mu haɗa jini ba, amma ita ta yi min wankan jego, kuma ba ta kiran 'yata da komai sai ƙawata. Ina can ina birkice akwati neman iƙama, takardar izinin zama, da katin asibiti, ita ta yi wa yarinyar wanka ta shirya ta tsaf. A wurin Inna asibiti ma fita unguwa ce, ba a zuwa a hargitse Larabawa su raina mutum.

An hana mu ba yarinyar nono tun safe saboda maganin barcin da za a ba ta. Haka ta yi ta tsala kuka a cikin tasi, motoci sun cushe, ni kuma ina jin kamar in sauka in ƙarasa da ƙafa. A asibitin wata nas ta cire mata 'yan kunne, ta laluba rigarta ko da fil, ta ce injin ɗaukar hoton maganaɗisu ne, ba ya shiri da ƙarfe. Ta kuma ce maganin barcin ba ya daɗewa, in yarinya ta farka ana cikin ɗauka hoto ya lalace, sai a ba mu wata rana. Suka shige da ita suka rufe ƙofa.

Injin ya fara ƙara kamar injin niƙa. Inna ta zauna da carbinta, ni na kasa. Na je ƙarshen baranda na dawo, na sake zuwa. Ban yi nisa ba ƙarar ta tsaya. Mai ɗaukar hoton ya fito ya wuce mu ko kallo babu, ya dawo da wata likita suna sauri. Na ce a raina shi ke nan, sun ga abin da nake tsoro.

Likitar ta kira ni ciki ta nuna min allo. Ga kan 'yata a allon, amma ta gaba wani baƙin duhu ya cinye wajen idanu, ya murɗe har goshi. Sai ta tambaye ni da Larabci a hankali, yadda zan gane, ko an sa wa yarinyar wani abu a ido. Na leƙa fuskarta ƙarƙashin fitila. Kwalli ne. Inna ta zizara mata siriri ta ciki, kukan tasi ya wanke na waje, shi ya sa daga ni har nas ɗin ba wadda ta lura. Likitar ta ce dutsen kwalli akwai ƙarfe a cikinsa, shi ya ɓata hoton, ba ciwo ba ne.

Na riƙe kan, nas tana gogewa da jiƙaƙƙiyar auduga. Yarinya ta motsa yatsu, ta yamutsa fuska, ni numfashi ma na daina ja sosai don kada in tashe ta. Aka mayar da ita, aka ce in fita.

Raina a ɓace na faɗa wa Inna abin da ya faru, ban kuma tauna maganar ba. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, idon nan ya sha wuya. Mu ba mu fita da yaro ido tsirara kamar mara lafiya."

Na ce, "Ai mara lafiyar ce, Inna."

Injin ya sake tashi, na koma zaryata, kunnena na kan ƙarar, ina roƙon Allah kada ta tsaya. Wannan karon ba ta tsaya ba sai da aka gama. Aka ba ni 'yata tana barci, aka ce in jira likitan da ya yi mata aikin. Jiran ma a tsaye na yi shi.

Ya jera min hotuna biyu. A na farko, na kafin aiki, ruwan ya cika tsakiyar kai, ya tura ƙwaƙwalwar gefe ta yi siriri kamar ɓawon lemo. A na yau ruwan ya tsuke, ƙwaƙwalwar ta yi kauri ta dawo wurinta. Ya sa bakin biro ya nuna min inda bututun yake zaune daidai. Ya ce ba za su sake buɗewa ba. Na tambaye shi ko za ta yi tafiya, ko za ta yi magana. Ya ce wannan hoto ba ya nunawa, sai dai mu zuba ido, amma yanzu ƙwaƙwalwar ta samu wurin girma. Na yi masa godiya, hawaye na zuba a kan abayata ban damu in share ba.

Da na fito Inna ba ta kan kujera. A bakin banɗakin mata na same ta, fuskarta jiƙe, idanunta jajur. Sai da na sake dubawa na gane abin da ya sauya. Tunda nake da ita ban taɓa ganin idonta ba kwalli ba. Da sabulun wanke hannu ta dirje shi, wai ta ji tsoro kada injin ya jawo nata ta bango ya sake ɓata wa ƙawarta hoto.

Na ce, "Inna, ba za su buɗe ba. Ruwan ya ragu."

Sai ta zare gyalen da ke kafaɗarta, ta juya min baya ta sunkuya a tsakiyar barandar, mutane na ratsa mu. Na ɗora mata yarinyar, na tallafe kan da hannu biyu har ta gama ɗaurewa.