Jan Fenti a Ƙasan Jarka

Shekarar da jami'armu ta buɗe ƙaramin reshenta na binciken noma a gefen Karaye, ni aka turo in riƙe siton sinadarai. Na yi murna, domin ni 'yar Ruwan Bago ce, acaɓa ɗaya ya kai ni gida. Aikin ɗakin gwajin namu shi ne auna ƙasar gona da ruwan rijiya, da kuma duba ko maganin ƙwari ya yi saura a jikin gyaɗa da wake. Saboda haka siton cike yake da abubuwan da ba a wasa da su: asid mai cin fata, da ruwaye masu kama wuta, da guba iri-iri da muke gwada amfanin gona da ita.

Makullin siton biyu ne, ɗaya a hannuna, ɗaya a hannun shugaban ɗakin gwajin, wanda kowa ke kira Dakta. Mutum ne mai fara'a, mai son jama'a, ba ya wuce manomi a hanya bai tsaya sun gaisa ba. A bayan siton akwai wani keji na waya, makullinsa haɗe da na siton. Nan muke tara kwalabe da jarkokin da aka gama amfani da su, har sai motar babbar jami'a ta zo ta kwashe a kai inda ake ƙona su. Motar kuwa sai ta yi wata da watanni ba ta leƙo ba. Duk jarkar da ta taɓa ɗaukar guba, nakan kife ta in shafa mata jan fenti a ƙasa kafin in saka ta a keji. Ba wanda ya sa ni, tsorona ne kawai.

Wata safiya a farkon damina na shiga kejin zan ajiye wata kwalba, sai na ga kamar wurin ya yi fili. Layin shuɗayen jarkokin da ke jikin bango ya ragu. Na duba kwaɗo, lafiyarsa ƙalau. Na bi wayar kejin da hannu, babu inda aka yanka. Na ce wa raina wataƙila idona ne. Bayan 'yan kwanaki na sake shiga, sai ga shatin gindin jarkoki a siminti, jarkokin babu.

Wanda na fara zargi shi ne mai gadi, wani dattijon Bafulatani da ke da rugarsa kusa da mu. Na same shi a ƙofa yana jan casbi. Bayan mun gaisa na ce, "Baffa, ko ka ga an fita da wasu jarkoki?"

Ya dube ni ya ce, "Malama, ni ƙofa aka ba ni. Mota ta shiga, mota ta fita, ban taɓa leƙa bayanta ba. In kina so in fara leƙawa, ki faɗa wa Dakta ya gaya mini."

Mota ɗaya ce gare mu, a-kori-kura, da direbanta, wani magidanci mara yawan magana. Daga ranar na fara sa masa ido. In zai fita, sai in ƙirƙiri abin da zai kai ni bakin ƙofa in saci kallon bayan motar. Ban ga komai ba sai buhunan ƙasa da tayar safaya. Na koma zargin ɗalibai. Na daina ba kowa aron makulli ko na minti ɗaya, har bayi da shi nake shiga, ɗaure a bakin zanena. In na ji ana dariya a baranda sai in ga kamar da ni ake. Abincin rana ma na koma ci a bakin siton, ina fuskantar kejin.

Da na kai wa Dakta maganar, sai ya ajiye biro ya jingina da kujera.

"Kin tabbata sun ragu?"

"Na tabbata, ranka ya daɗe. Kuma ba a fasa kwaɗo ba."

"To makulli biyu ne," in ji shi. "Nawa yana cikin wannan durowa." Sannan ya ce, "Na ji an ce 'yan uwanki sukan zo wajenki."

Gaskiya ne sukan zo. Kawuna ya taɓa zuwa neman ruwan batir, gwaggota ta taɓa roƙona kwalba ta zuba man gyaɗa. Duka na hana su, har gwaggo ta yi fushi ta daina amsa gaisuwata na wani lokaci. Na faɗa masa haka. Ya ce shi bai ce komai ba, tambaya ce kawai. Na fito. Ashe yadda nake kallon mutane, haka su ma suke kallona. 'Yar gari, mai dangi a kowane ƙauye, mai makulli a bakin zane. Ko ni ce a kujerarsa, da ni zan fara.

Ana cikin haka aka tura mu ɗebo ƙasa a gonakin Yola, ta nan Karaye. Ni da direba da wasu ɗalibai muka tafi. Da rana ta take, mai unguwar wurin ya ce lallai mu shiga zaurensa mu huta. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura. Can sai ga wata mata ta fito da shuɗiyar jarka, ta karkata ta tana tsiyaya ruwa a kwanon sha. Da ta ɗaga ta, sai na ga ƙasanta. Jan fentina ne, har da inda buroshi ya zame mini.

Wata ɗaliba ta miƙa hannu za ta karɓi kwanon. Ban san lokacin da na buge hannunta ba. Ruwan ya zube a tabarma. Kowa ya juyo yana kallona.

Mai unguwa ya ce, "Lafiya, Malama? Ruwanmu ne bai yi miki ba?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ba ruwan ba ne, jarkar ce. A ina aka same ta?"

Ya yi murmushi. "Ai kyautarku ce. Dakta ya aiko mana, mu da duk wanda ya ba da gonarsa aka yi awo. Ga ma wanda ya kawo nan." Ya nuna direba.

Na juya. Direba ya sunkuyar da kai yana juya ludayi a cikin fura.

Na yi wa mai unguwa bayani iya yadda zan iya. Na ce wannan jarka ta zauna da guba, kuma roba tana shan abin da aka zuba mata, wanki da omo ba ya fitar da shi. Matar da ta kawo ruwan, wadda ashe uwargidansa ce, ta rungume jarkar ta ce ita da toka da ruwan zafi ta wanke ta, kuma tun da suka fara sha babu wanda ya ce kansa na ciwo. Na tambaya ko akwai wanda ya yi ciwon ciki ko amai. Ta ce damina ce, wane gida ne ba a ciwon ciki? Ni ma ban san ko daga jarkar ne ko daga damina ba.

A hanyar dawowa na zauna gaba kusa da direba. Sai da muka hau kwalta na ce, "Malam, kana kallo ina ta haukan neman jarkokin nan, ba ka ce mini komai ba."

Ya ce, "Malama, ba ki tambaye ni ba. Kallona kawai kike yi. Dakta ya ba ni makulli ran Asabar, ya ce in ɗebi jarkoki in raba wa manoma. Ni aike aka yi mini."

"Bai ce maka ban da masu jan fenti ba?"

"Bai ce ba."

Dakta kuwa da na same shi, cewa ya yi ya faɗa wa direba. Ya ce fararen jarkokin tataccen ruwa ya ce a ɗiba, waɗanda ba su taɓa ganin guba ba, sau ɗaya tak, kuma shi ya sa da na zo da maganar shuɗaye bai haɗa abin a ransa ba. Na ce, "Amma ranka ya daɗe, ka ce mini makullinka na cikin durowa." Ya ce ai a lokacin yana ciki. Aka kira direba, suka tsaya a gabana kowa na rantsuwa. Direba ya ce ba sau ɗaya ba ne. Dakta ya ce sau ɗaya ne. Na dubi wannan, na dubi wancan, babu wanda idonsa ya kauce.

Ba ni da lokacin shari'a. Na ce ko ma wane ne, jarkokin nan su dawo. Dakta bai yi musu ba, da kansa ya je kasuwar Rogo ya sayo sababbin jarkoki ruwan ɗorawa domin musaya. Muka roƙi limamai suka yi sanarwa bayan Juma'a. Muka kai wa ma'aikatan asibiti sunayen sinadaran da alamomin da za su lura da su in an kawo wani.

Karɓowar ce ta fi komai wuya. Mutane suka ce ruwa ba ya tsami banza, tun da jami'a ta biyo jarka har gida, akwai abin da ke jikinta mai daraja. Wani ya ce ya ji ana sayensu da tsada a birni. Wata ta ɓoye tata a rumbu ta ce ta bayar da ita tuntuni, sai da 'yarta ta raɗa mini. A wani gida mun tarar an cika tasu da man gyaɗa na sayarwa, muka sha fama kafin mai ita ta yarda muka tafi da jarkar da man gaba ɗaya. Uwargidan mai unguwa ta karɓi sabuwar, ta shinshina bakinta, ta juya ta ta duba ƙasa, sannan ta ce, "Wancan karon ma cewa aka yi kyauta ce daga jami'a."

Wasu ba mu same su ba. An ce wani ya tafi da su rugar da ta yi ƙaura, an ce wata ta kai wa 'yarta can wajen Rogo. Man gyaɗan da muka aika babbar jami'a a gwada, an ga ɗan sauran guba a ciki, ba mai yawa ba, amma akwai. Ban ji an ce wani ya mutu ba, ban kuma san abin da ya zauna a jikin wa ba.

Daga baya aka mayar da kejin makulli ɗaya, a hannuna. Na samo rodi, duk jarkar da ta ƙare sai in sa shi a wuta in huda ta ta ko'ina kafin ta kwana. Dakta ya ci gaba da gaishe ni kamar da, ni ma haka, amma hirarmu ba ta ƙara wuce ta aiki ba har aka yi masa canjin wuri.

Ranar da zai tafi, direba ne ya kai shi tasha. Da ya dawo ya same ni a bayan sito ina hura gawayin gasa rodi. Ya tsaya yana kallo, hannunsa a aljihu.

"Ya ce in gaishe ki," in ji shi.

"Ina amsawa. Bai ce komai ba kuma?"

"Mun yi hirar takin zamani."

Na ɗago na dube shi, ko zai ƙara wani abu. Sai ya tsuguna, ya karɓi mafici daga hannuna ya ce wutar ba za ta kama haka ba, gawayin ya sha ruwa.