Ƙafar Yaya da Turancin Likita

Talata: Funtuwa zuwa Kawo

Ƙarfe shida saura kwata, gari bai gama wayewa ba, na shiga tashar Funtuwa da kular abinci a hannu, raina kuma a ɓace. Yayata Hadiza, da ke zaune a Unguwar Kanawa a Kaduna, kwananta shida a asibiti, ciwon suga ya kama mata ƙafar hagu. Duk sanda na kira ɗanta Nura, wanda ma'aikacin gwamnati ne, amsarsa ɗaya: "Inna, likita muke jira." Da na matsa masa sai ya turo mini saƙon da likitan ya rubuto masa tun ranar Lahadi.

Shekara talatin na yi ina koyar da Turanci a firamare. Babu kalmar da ban sani ba a saƙon nan, amma da aka jera su sai na koma kamar ban taɓa shiga aji ba. Wai ba mu fita daga daji ba tukuna. Wai sai mun ciji harsashi. Wai ƙwallo tana filinmu. Ina Yaya ina ƙwallo?

Mota ta tashi shida da minti ashirin. Mun wuce shingen Giwa bakwai da minti goma, sai na karanta wa abokan tafiya saƙon da ƙarfi, don ni kunyar tambaya ba ta dame ni ba. Wani mai babbar riga a gaba ya yi dariya ya ce, "Ai wannan Turancin manya ne, Hajiya."

Na ce, "Madalla, ga babba mun samu. Fassara mana."

Nan take ya kara waya a kunne, wayar da babu wanda ya ji ta yi ƙara. Direba ya kalle ni ta madubi ya ce, "Hajiya, ki bar shi, layi ne ya kama shi." A Kwangila muka tsaya ƙarfe takwas, na sayi ƙosai mai sanyi da tsada. Jaji tara da minti biyar, Kawo goma saura minti goma.

Kawo zuwa asibiti

Keke Napep na hau zuwa wani asibitin kuɗi ta wajen Kurmin Mashi, tafiyar minti ashirin da biyar saboda cunkoso. Warin ƙafar ne ya fara tarbata tun daga ƙofar ɗaki. Yaya ta rame, ta riƙe hannuna ta ce, "Binta, ba wanda ya gaya mini komai." Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Sha biyu da rabi likita ya shigo zagaye, yaro ne da bai wuce sa'an Nura ba. Ya duba ƙafar, ya juya wajen Nura ya dinga zuba Turanci, shi kuwa Nura sai gyaɗa kai yake yi kamar ƙadangare. Haka muke yi a gaban likita, mu gyaɗa kai, in ya fita mu tambayi juna me ya ce. Ni kam na bi shi baranda na sha gabansa.

"Likita, ba za ka wuce ba sai ka gaya mini mene ne not out of the woods."

Nura ya ja mayafina. "Inna, don Allah, kada ki ba mu kunya."

"Cika ni. Kai da ka gane, fassara mini." Ya sunkuyar da kai.

Ashe likitan Bazazzagi ne, Hausa cike da bakinsa. Ya ce, "Mama, ma'anarsa har yanzu tana cikin haɗari. Bite the bullet kuma, a daure a yi abin da ba a so, wato a cire yatsa."

"The ball is in your court fa?"

"Shawara ta rage gare ku. Tun Lahadi nake jiran ku sa hannu."

Na ce, "Mu kuma tun Lahadi muke jiranka."

Ya dubi Nura ya ce, "Ai ka ce mini ka gane." Sai ya rage murya: "Ranar Lahadi yatsa ɗaya ne. Yau uku. In aka kai gobe, ba na ba ku tabbacin ƙafar."

Na ce masa ƙafar ba ta Nura ba ce, ba tawa ba ce, ya koma ya gaya wa mai ita da harshen da take ji. Ya koma, ya zauna bakin gado, ya yi mata bayanin aikin dalla-dalla, bai dai ambaci Lahadi ba. Yaya ta ce, "To me ake jira? A cire." Da hannunta ta dangwala a takardar. Ƙarfe huɗu aka shiga da ita, shida saura aka fito. An cire yatsu uku, ƙafar ta tsira.

Laraba: Unguwar Kanawa

A ɗakin Yaya na kwana, da safe na dama kunun gyaɗa ba sukari na kai mata asibiti. Da likita ya zo zagaye, da Hausa ya fara, da ita kuma ya fara. Matar da ke gadon kusa ta ce, "Likita, ni ma a yi mini irin na Hajiya." Ya yi mata.

Alhamis: komawa gida

Nura ne ya kai ni tashar Kawo ƙarfe tara. Muna kan hanya ya ce, "Inna, wallahi ban gane ba. Na ga in na tambaya zai ce wane irin ma'aikaci ne wannan." Hawaye yake yi. Na tausaya masa, amma ban ce masa ba komai ba, don akwai komai.

Mun baro Kawo goma saura kwata, Zariya sha ɗaya da rabi, ana kiran azahar na sa ƙafa a gidana. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa direban da ya ba ni dariya ranar da ba ni da ita, na kuma gode wa likita, da ya ji magana bai yi girman kai ba.

Yaya har yau ba ta san yatsa ɗaya ya kamata ta rasa ba. Nura ya roƙe ni kada in gaya mata. Ban gaya mata ba, ban kuma yi masa alkawari ba.