Ranar da Alhaji Mudi Ya Daskare

Har yau ban manta da safiyar da Alhaji Mudi ya daskare a fuskar kwamfuta, fanka tana ta juyawa a bayansa ba. Ku da kuka shigo kamfanin nan bayan korona, kuka sa hannu a yarjejeniyar hannun jari ba ku karanta ba, ya kamata ku ji yadda aka yi.

A lokacin ni ne jami'in mulki, kuma ni ne tafinta, saboda na yi aikin rediyo a Kano kafin in zo nan. Kamfanin bai wuce kicin ɗaya a unguwar Setapak, nan ƙasar Malayawa, ba, muna dafa tuwo da waina da dafa-duka, 'yan babur suna kai wa ɗalibai. Da ma'aikata suka taɓa neman ƙarin albashi, sai Alhaji Mudi, mai kamfanin, ya ce zai ba mu abin da ya fi albashi: kowa zai zama mai kamfani. Aka ware wani kaso aka raba wa tsofaffin ma'aikata. Sharaɗin shi ne, duk wanda zai bar aiki, kamfani zai saye kasonsa a kan farashin da mai kimantawa mai zaman kansa ya yanke. Muka yi tafi. Albashi dai bai motsa ba.

Wadda ta fi kowa kaso a cikinmu ita ce Maman Hanif, shugabar kicin. A shekara ta biyu ta annobar, kwantiragin koyarwar mijinta ya ƙare, za su koma gida. Ba ta da fansho, ba ta da garatuti. Kason nan shi ne duk abin da za ta tafi da shi, kuma da shi take son buɗe gidan abincinta a Kano.

Ku sani, kulle bai cuce mu ba. An hana zama a gidajen abinci, kowa sai dai ya yi tapau, wato a ƙulle masa ya ci a ɗaki. Mu kuwa da ma sana'armu ke nan. Wayar oda ba ta hutawa.

Aka ɗauko mai kimantawa, wata mai suna Madam Lim. Aikin nan kashi biyu ne: a duba abin da kamfani ya mallaka yau, sannan a yi hasashen abin da zai samu gobe. Na farkon yana cikin takardu, kuma Alhaji ya riga ya cika su da hidimar sabon kicin da sababbin babura, har riba ta rame. Na biyun kuwa daga bakin mutane ake jin sa. Don haka Madam Lim ta kira mu ɗaya bayan ɗaya ta bidiyo, ina fassara.

Maman Hanif ta shige sito ta rufe ƙofa, wai don kada hayaniyar 'yan babur ta dami baƙuwa. Madam Lim ta tambaye ta yaya kasuwa.

"Kasuwa sai a hankali," in ji ta. "Ana dai lallaɓawa."

"Kina ganin za ta ƙaru baɗi?"

"Wa ya ga baɗi? Mu dai Allah Ya sa mu wanye lafiya."

Na fassara daidai, sannan na ƙara da cewa a wurinmu haka ake amsawa ko da mutum yana kwasar kuɗi da shebur. Madam Lim ta ce ita abin da aka faɗa take rubutawa. Ma'aikata biyar ta tambaya, duk biyar ɗin suka yi wa kamfanin ta'aziyya. Alhaji shi har da ajiyar zuciya. Rahoto ya fito: kamfani gaba ɗaya bai wuce ringit dubu ɗari takwas ba, a kuɗin ƙasar nan. Kason Maman Hanif, in ta biya kuɗin jirgi da na kaya, sai dai ta sayi tukwane.

Ta same ni a ofis da ludayi a hannu.

"Malam Nasiru, me ka faɗa wa matar nan?"

"Abin da kika faɗa, Maman Hanif."

"To ni ce mata zan yi muna samu? Baƙuwa? Bakinta ya kama mu?"

Ta ƙi sa hannu, ta ɗauki lauya. Yarjejeniyar ta ce irin wannan rigima ba kotu ake kai ta ba, sai gaban mai sasantawa, wanda hukuncinsa ya hau kan kowa. Aka naɗa wani tsohon alƙali Bamalaye, kowa Datuk yake ce masa. Zaman ma ta bidiyo aka yi, kowa a ɗakinsa, aka rantsar da mu.

Da aka karanta mata maganarta, Maman Hanif ta ce, "Ranka ya daɗe, a garinmu ba a faɗin alheri a gaban baƙo." Datuk ya yi dariya, ya ce kakarsa ma in ta ga jariri mai ƙiba cewa take yi mummuna ne, don kada a yi masa baki. Amma ya ce ya duba doka, bai ga sashen kambun baka ba. Abin da ta faɗa ta faɗa. Na ga lauyanta ya fara tattara takardunsa.

Da lauyan Alhaji ya yi shiru a nan, da an gama. Amma lauya ne mai tsada, kuma ba Musulmi ba ne. Ya ce yana son a san wane irin mutum ake zargi da danne haƙƙin ma'aikaciya. Ya ce a azumin bana, da ɗalibai suka maƙale ba kuɗi daga gida, wannan bawan Allah ya raba shinkafa, ya biya wa wasu haya, duk daga zakkar kamfani, ringit dubu hamsin cif. Gaskiya ya faɗa. Alhaji da kansa ya sanar a dandalin 'yan Najeriya na waya, da muryarsa, har sau biyu don waɗanda ba su ji ba.

Datuk ya cire tabarau.

"Zakka ka ce?"

"Zakka, ranka ya daɗe," in ji lauya, yana murmushi.

Kowane yaron Islamiyya ya san zakkar dukiya ɗaya ce cikin arba'in. Datuk ya ce to dubu hamsin sau arba'in miliyan biyu ke nan. Ya tambayi Madam Lim ko zakka tana shafar sunan kamfani da abokan cinikinsa. Ta ce iyakar saninta kuɗi da kayan sayarwa kawai ake lissafawa. Ya ce ashe abin da ke hannu kaɗai ya ninka kimar kamfanin gaba ɗaya fiye da sau biyu.

"Alhaji, ka ba Allah lissafi ɗaya, ka ba Madam Lim wani. Wanne zan rubuta?"

Alhaji ya ce ai an ɗan haɗa da sadaka.

"Boleh, ba laifi. Nawa ne zakka, nawa ne sadaka? Ka tuna ka yi rantsuwa."

In ya ce zakkar kaɗan ce, ya yi wa dukan Setapak ƙarya a watan azumi. In ya ce haka take, ya yi wa Madam Lim. Sai kawai ya daskare: baki a ɗan buɗe, ido bai ƙifta ba, kamar yadda hoto yake tsayawa in sabis ya ɗauke. Ya iya sosai. Fankar sama ce kawai ba a yi shawara da ita ba, tana ta juyawa a bayansa.

Muka zuba masa ido. Can Maman Hanif ta ce, "Alhaji, ka yi numfashi, kada mu shiga uku."

Wannan ban fassara ba, kuma Datuk bai nema ba.

Ba a kai ga hukunci ba. Lauyoyi suka nemi hutu, suka dawo da sulhu: a sake kimantawa, a cire hidimar sabon kicin daga asara, a duba odar da ake samu a zahiri. Maman Hanif ba ta sami duk abin da lauyanta ya nema ba, amma ta sami fiye da ninkin na farko. Kason sauranmu ma ya tashi. Alhaji ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata. Zakka dai bai daina ba, sanarwa ya daina.

Abin da na koya shi ne, kimar kamfani ba lamba ce da take zaune a wani wuri ba. Labari ne, kuma wanda aka tambaya shi ke bayarwa. Mai saye zai ba da na talauci, wannan aikinsa ne. Kai mai kaso, in mai kimantawa ya tambaye ka yaya kasuwa, ba gaishe ka yake yi ba. Yi addu'arka a zuci, ka buɗe ƙofar sito ya ji hayaniya.

Bara na je gida, na biya ta gidan abincin Maman Hanif. Sai da na yi layi kafin in sami kujera. Na ce, "Maman Hanif, yaya kasuwa?"

Ta dubi layin, ta dube ni.

"Kai da wa kake tambaya?"

"Ni kaɗai."

"To, sai a hankali."