Naman Kazan Yi Kham

A ƙauyenmu na kudancin Yunnan babu mai faɗa wa wani inda yake tsintar naman kaza. Amma rowar Yi Kham, matar yayana Ai Sam, ta fi ta kowa. Idan ta ce maka gabas za ta, to nemi ta yamma.

Tsakaninmu da gandun giwaye akwai zirin daji da hukuma ta bar mana. A nan muke tsinta, amma ba a wuce jajayen turakun da aka kafa a kan iyaka, kuma da zarar ma'aikatan gandu sun aiko gargaɗi ta waya, kowa ya fito. Ita kuwa a gida take barin wayarta, wai kada ta yi ƙara maƙwabta su gano surin da take zuwa.

Wata safiyar damina lasifikar ƙauye ta ɗauka: giwaye sun fito daga gandu, har da ɗan jariri. Yi Kham kuwa ta fita tsinta tun asuba. Uwar giwa mai goyo ba ta tambayar sunanka.

Ma'aikacin gandu ya iso da ƙaramin jirginsa mai ɗaukar hoto daga sama, ya nufi Ai Sam. "Baba, ina matarka take tsinta? In tura jirgi."

"Ta ce mini wajen gonar shayi," in ji Ai Sam.

"Yaya, ka yarda?" na ce. "Yaushe ta taɓa faɗin gaskiya a kan naman kaza?"

"To ina zan ce? Ke kin sani?"

Ban sani ba. Muka tsaya cirko-cirko muna jin gora na karyewa can cikin daji. Kafin mu ankara, Ai Sam ya sulale ya nufi gonar shayin.

Da hantsi sai ga Yi Kham ta ɓullo ta bayan rafi, kwando cike, tana taunar shinkafa. Ba ta ga ko kashin giwa ba.

"Lafiya kuka taru? Wa ya mutu?"

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, kwandon ya suɓuce.

"Ina Ai Sam?"

Da la'asar aka kawo shi a kan makarar gora, da rai, amma giwa ta karya masa ƙugu. Ta durƙusa tana kuka. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Tsohuwa," ya ce, "ni ma sai da kika ɓoye mini?"